Mota Biyu Tsakanina da Baba

Litinin, 6:40 na safe

Jiya sau bakwai. Biyu da jini.

Likitan hanji ne ya ce in riƙa rubuta abin da na ci da sau nawa na zaga. Tun bara na sayi littafin nan, shafi uku na cika na jefa shi bayan akwati, don a lokacin lafiyata ƙalau. To ga shi yau na kakkaɓe shi. Shekara tara ke nan ina fama da kumburin hanji, na san takunsa kamar yadda na san takun maƙwabciyata a matakala. Yakan fara da murɗa a ƙasan cibiya ta hagu, sai gwiwoyi su ɗauka, sai cikin bakina ya farfashe. Wata goma sha huɗu bai leƙo ni ba. Sai yanzu, da aka kwantar da Baba.

Asibitin da aka kai shi yana can ɗaya ƙarshen gari. Mota biyu ce daga nan, awa ɗaya da kwata in hanya ta yi kyau. Ni kuwa a halin da nake ciki ba na iya minti ashirin nesa da banɗaki. Yaya ce take jinyarsa. Na ce mata aiki ya yi mana yawa a shago, amma zan zo Laraba.

Abin da na ci: farar shinkafa, ayaba ɗaya, ruwa.

Talata, 1:15 na rana

Ina shago. Aikina karɓar kayan wanki da liƙa musu lamba, a tsaye daga takwas zuwa biyar. Banɗakinmu yana bayan injinan busarwa, makullin kuma yana rataye a ƙusa kusa da kujerar mai shago, an ɗaure shi da karyayyen hanga na rataye kaya don kada wani ya tafi da shi a aljihu. Duk mai shiga sai ya ratsa ta gabanta.

Yau sau biyar na ratsa. A na huɗu ta ɗago ta zare tabarau.

"Ke, ko in sa a kai miki teburin naki can ciki ne?"

Masu guga suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, yo me zan yi. Ba muguwa ba ce, bakinta ne ba birki. Da aka tashi cin abinci ta turo mini kwanonta, soyayyen nama ya ji barkono har yana sheƙi. Na ce na ƙoshi. Na laɓe bayan tarin zannuwan otal na ci dafaffen ƙwai ɗaya kamar ɓarauniya.

Laraba, 5:50 na yamma

Ban je ba. Na kai har tasha, motar ta zo, na ɗora ƙafa ɗaya, cikina ya juya. Na juyo gida da sassarfa, kuma ban kai ba. Na wanke siket ɗin na shanya a ɗaki don kada wani ya tambaya.

Alhamis, 7:20 na safe

Yaya ta kira, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Jiya tun rana yake kallon ƙofa."

"Yaya, wallahi aiki ne."

"Aiki. Wankin wandunan mutane ya fi miki ubanki ke nan?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Kwana bakwai ina kwana a kujera, Auta. Bayana ya riƙe, yarana suna hannun mutane. Ke ba miji ba ɗa, me ya ɗaure ki?"

Ta wanke ni tas, kuma ban ga laifinta ba. Maganar ta zo mini har baki na haɗiye. In na gaya wa Yaya na gaya wa Baba ne, don ita ko ta kama bakinta fuskarta sai ta tona. Wancan karon da ciwon ya kayar da ni, mako uku Baba ya yi yana kwana a barandar asibiti a kan kwali, har jininsa ya hau. Na san shi sarai. In ya ji, zai fizge robar da ke hannunsa ya ce a nemo masa takalmansa.

Gara ta ɗauke ni marar mutunci na kwana biyu. Asabar zan je ko da rarrafe.

Juma'a, 6:10 na yamma

Ina shan maganin da likita ya ɗora ni a kai, ban fasa ko sau ɗaya ba, amma ya daina jin magana. Ranar ganin likitan sai nan da mako uku. In kuwa na kai kaina asibiti yanzu suka ga jinin nan, gado za su ba ni, in suka ba ni gado shi ke nan babu zuwa wurin Baba. Don haka kemis na nufa.

Mai kemis ɗin layinmu dattijo ne, kullum da biro a bayan kunne. Na ce ya ba ni maganin tsayar da gudawa.

"Na wa?"

"Na maƙwabciyata."

"Akwai jini? Akwai zazzaɓi?"

"Babu."

Ya dube ni ta saman tabarau har sai da na sunkuyar da kai. Ya ɗauko kwalin ya ajiye, amma bai ɗauke hannunsa daga kai ba.

"Ki gaya wa maƙwabciyar taki, in akwai ɗaya daga cikin biyun nan kada ta sha. Wannan ƙofa kawai yake rufewa, ba ya kashe wutar da ke cikin ɗakin." Ya haɗa mini da garin gishiri da sukari guda biyar. "Wannan kuma ta dama ta riƙa kurɓa. Leɓenta ya bushe sosai."

Kunya kamar in nutse. Na karɓa na fito.

Daga tsakar ranar yau ban sake sa komai a bakina ba sai ruwa. Cikin da ba komai ba shi da abin fitarwa, dabarar ke nan.

Asabar, 7:30 na yamma

Na je. Na gan shi.

Kafso biyu na haɗiya da safe, na sa ƙyalle biyu, na saka wani siket a jaka. Ban bi gajeriyar hanya ba, na bi doguwa, mai zagawa ta bayan kasuwa. Baba direban bas ne shekara talatin kafin ya ajiye. Farkon ciwona shi ya zauna ya zana mini garin nan a bayan kalanda, ya sa alama a duk gidan mai da ke da banɗaki mai tsabta, har da inda ake ajiye makulli da wanda za a gaisar. Takardar ta yi laushi kamar tsumma amma tana nan a jakata. Doguwar hanyar tana da alama huɗu, gajeriyar ba ko ɗaya. Sau ɗaya kawai na sauka.

Ya ƙanƙance. Gadon ya yi masa yawa. Ban san me zan rubuta a kan wannan ba, don haka ba zan rubuta ba.

Da ya gan ni sai ya ɗaga gira. "A'a, manyan ma'aikata. An ba ku hutu?"

Na durƙusa na gaishe shi, gwiwoyina suna kuka. Ya kama wuyan hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Ya tambayi shago, ya tambayi famfon ɗakina ko har yanzu yana ɗiga. Sannan, kamar yadda ya saba tambayar duk wanda ya zo daga ko'ina, ya ce, "Wace hanya kika biyo?"

"Ta bayan kasuwa, Baba."

"Ta bayan kasuwa," ya maimaita. Ya juya kai yana kallon silin.

Yaya ta zuba mini shayi da madara ta yanko burodi. Na ce na ci a hanya. Ta ce, "Abincin namu ma yanzu ba ya ciwuwa." Baba ya ce, "Ƙyale ta." Awa ɗaya da rabi na yi, ina zaune a bakin kujera ina lissafin taku nawa ne zuwa ƙarshen baranda. Da cikina ya fara motsi na miƙe na ce zan tafi kada mota ta ƙare. Ƙarfe uku na rana fa. Yaya ko kallona ba ta yi ba.

Ina da maganganu da yawa da na tanada tun a mota. Ko ɗaya ban faɗa ba.

Lahadi, 4:00 na yamma

Na biya kuɗin jiya da jikina. Sau goma sha ɗaya, kusan duk da jini.

Litinin, 8:05 na safe

Ban je shago ba. Gwiwoyi sun kumbura, farasitamol kamar na sha alewa. Maman 'yan biyu, maƙwabciyar tawa ta gaske, ta ga ina jan ƙafa zuwa famfo, ta kawo mini nata maganin ciwon gaɓoɓi, jajaye, ta ce ita guda ɗaya take sha ta yi wankin yini. Na san su. Su ne na farko a jerin abin da likita ya hana ni, har layi biyu ya ja a ƙarƙashi, ya ce suna ƙara yage hanjin. Na yi mata godiya na ajiye su a kan taga.

Abin da na ci: dankali dafaffe ba ɓawo, rabin ayaba.

Litinin, 2:30 na rana

Na sha ɗaya. Ba a hawa mota biyu da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa.

Talata, 6:45 na yamma

Yaya ta ba Baba waya. Muryarsa ta yi nisa, sai na toshe ɗaya kunnen nake jin sa.

"Auta, ba sai kin sake zuwa ba."

"Baba, jibi ina nan tafe."

"Na ce ki zauna. Ki riƙe aikinki. Nan akwai mutane."

Nan akwai mutane. Tunda nake da shi bai taɓa ce mini kada in zo ba. Ya yi fushi, kuma yana da gaskiya: 'yar da ta zo sau ɗaya a kwana goma sha biyu, ta zauna a bakin kujera tana kallon ƙofa, ta ƙi shan shayinsu. Na yi kuka har kaina ya sara. Ni ce fa wadda yake ɗorawa a kujerar gaba ranar da ba makaranta, ina ƙirga masa fasinja.

Laraba, 12:20 na rana

Likitocinsa sun kira Yaya ofis. Ta gaya mini abin da suka ce: babu sauran abin da za su iya yi masa. A wannan karon ba ta yi faɗa ba, kuma na fi son faɗan.

Gobe zan tafi da kayana, in kwana can har abin da Allah ya yi. Ba zuwan awa ɗaya ba. Don haka dole cikin nan ya yi shiru na kwana biyu ko uku. Na sha kafso biyu yanzu, zan ƙara biyu da yamma, biyu da safe. Na san abin da aka rubuta a kwalin. Na iya karatu.

Laraba, 7:00 na yamma

Tun rana ban zaga ba. Ko sau ɗaya. Rabona da irin wannan shirun kwana goma sha ɗaya. Na goge kaya kala uku, na saya masa man shafawar da yake so don Yaya ta ce fatarsa tana bushewa. Cikin ya ɗan yi tauri, ina jin sanyi-sanyi, amma gajiya ce.

Alhamis, 6:30 na safe

Siket ɗin ya ƙi rufuwa. Cikina ya tashi kamar mai wata biyar, in na taɓa sai in ji har ƙwaƙwalwa. Jikina zafi rau. Zan sa doguwar riga. In dai na samu kujera a mota shi ke nan.

Lahadi, 10:15 na safe

Ina asibiti. Ba nasa ba, ƙaramin da ke kusa da mu.

Ban kai tasha ba. Abin da na iya tunawa shi ne na tsaya na jingina da bangon kemis don ƙasa tana lilo, sai na ji muryar dattijon yana cewa a tsayar da mota. An ce shi ya kawo ni, ya kuma gaya wa likita abin da na saya a wurinsa ba tare da ya rage komai ba. Jiya ya leƙo da ayaba a leda. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya ce, "Ya jikin maƙwabciyar?" Na rufe fuska da zani.

Likitar nan yarinya ce amma ba ta wasa. Ta ce hanjin ya kumbura ya daina motsi, da na ƙara yini ɗaya da sai dai wuƙa. Ta tambayi kafso nawa na sha, na faɗa, ta ajiye biro ta dube ni. An hana ni ci, sai ruwa ta jijiya da allurai. Na ce mata mahaifina yana kwance, ina roƙon awa uku kawai in je in dawo. Ta ce ko banɗakin nan ba za ta bar ni in je ni kaɗai ba.

Kira goma sha tara na Yaya na tarar a waya.

Lahadi, 5:40 na yamma

Na gaya mata. Duka, tun daga farko, har siket ɗin da na shanya a ɗaki.

Ina jin ƙarar keken marasa lafiya yana wucewa ta can ɓangarenta.

"Ai ya sani," ta ce.

"Wa ya gaya masa?"

"Ke. Ranar da kika zo, kina fita ya ce mini, ciwon yarinyar nan ya tashi. Ya ce ba mai biyowa ta bayan kasuwa zuwa asibitin nan sai mai neman gidan mai. Na ce masa ƙarya ne, son jiki ne kawai irin naki. Har musu muka yi." Muryarta ta karye. "Shi ya sa ya ce kada ki zo, sakarya. Cewa ya yi motar nan za ta kashe ki."

Ashe ba fushi ba ne. Kwana biyar ina ɗauke da fushin da babu shi. Ni ina ɓoye masa don kada ya tashi, shi yana kora ta don kada in taso, Yaya a tsakiya tana zagin wadda ba ta san tana zubar da jini ba. Ta ce in yafe mata. Na ce ita za ta yafe mini. Muka yi ta yi kamar yara.

Ta kara masa wayar a kunne. Numfashi na fi ji. Na ce, "Baba, ni ce. Ina samun sauƙi, suna kula da ni. Ka jira ni." Can ya ce wani abu, ban ji ba, sai da Yaya ta maimaita mini. Wai ina shan ruwa?

Litinin, 9:00 na safe

Zazzaɓi ya sauka. Sau shida, jini kaɗan. Likita ta ce in aka ci gaba haka, za a sallame ni Juma'a ko Asabar. Na ce Alhamis. Ta ce ba ciniki muke ba.

Talata, 3:10 na rana

Sau huɗu. Cikin ya sace. An ce gobe zan fara cin abu mai laushi. Na taka daga gado zuwa taga sau goma don gwiwoyin su saba, matar gadon kusa tana ƙirga mini. Na kira Yaya da safe ba ta ɗauka ba. Na sake kira yanzu, a kashe. Cajarta ta daɗe tana ba ta wahala.

Talata, 6:30 na yamma

A kashe.

Laraba, 6:50 na yamma

Yaya ta zo wajen ƙarfe biyu. Ina ganin ta a ƙofa na tashi zaune, na ce wa ta bar wa Baba. Ta ce Kawu yana can da mutane. Ta ja kujera, ta fito da kula daga jaka: shinkafa ta dahu luguf, da farin kifi, ba mai ba barkono. Ta ce ta tambayi nas, an yarda.

"Ci."

"Ya jikin nasa? Jiya na yi ta kira."

"Ci tukuna, Auta, kafin ya huce."

Kwana shida rabona da abinci. Cokalin farko har hawaye ya kawo mini don daɗi. Ina ci ina zuba mata surutu, sau huɗu kawai jiya, yau sau biyu, likita ta ce wataƙila Juma'a, man shafawarsa yana nan a jakata. Ita dai tana cewa to, to, tana cire mini ƙaya daga kifin. Da na ajiye cokali ta ce saura kaɗan, in ƙarasa. Na ƙarasa. Ta ba ni ruwa.

Sai ta zauna tana kallon agogon bango. Na ce me take jira, ta ce ba komai. Minti goma, minti ashirin. Matar gadon kusa ta tashi ta fita ba wanda ya ce ta fita. A lokacin ne na lura Yaya ta yi wanka ta canza kaya, kuma ba ta duba wayarta ko sau ɗaya ba, ita da ba ta iya minti biyar ba ta kira ta ji ko ya motsa ba.

Da rabin awa ta cika ta ce, "Kin ji murɗa?"

Na ce a'a.

"Ba ki jin za ki zaga?"

Na ce a'a.

Ta matso ta kama hannuwana biyu. "Jiya ne da hantsi. Bai sha wahala ba, ina riƙe da shi. An kai shi da yamma." Ta ƙara damƙe hannuwana. "Tun Litinin ya ce kada wanda ya gaya miki sai kin ci abinci ya zauna. Sau biyu ya sa na maimaita masa, don ya san bakina."

Ban yi ihu ba. Na tambaye ta ko ya neme ni. Ta ce ya tambayi ko an cire mini robar hannu, ta ce masa an kusa, ya ce to madalla.

Jiya da hantsi ina nan ina takawa daga gado zuwa taga, ana ƙirga mini, ina murna.

Ta wanke kular a famfon baranda, ta dawo ta zauna har aka kori masu dubiya. Nas ta zo ɗazu da takardarta tana tambaya ko abincin ya dame ni. Na ce bai dame ni ba. Ya zauna. Har yanzu yana nan, ina jin nauyinsa.